Faɗuwar gaba ba iska ba ce: Darasi daga wani dare a Gwiwa

A ƙarshen damunar bara na kwana biyu a Gwiwa, gidan kawuna. Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga min ƙofa, wai 'yar kawun nawa da ta zo ganin gida ba ta da lafiya. Na tarar da ita zaune a tsakar gida ta dafe ƙirji, gumi ya jiƙa mata riga, hannuwanta na kyarma, tana jan numfashi sama-sama kamar wadda aka biyo da gudu. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Yaya, mutuwa zan yi, ku yafe min."

Inna ta ɗebo garwashi ta zuba tazargade, domin a ganinta iska ce ta taɓa yarinyar. Kawu kuma ya ce a je a tashi mai kemis. Kafin a gama wannan gardama, cikin kamar minti ashirin, abin ya lafa da kansa. Ta koma ta kwanta a galabaice.

Ashe wannan shi ne karo na uku cikin wata biyu. A karon farko an ce taifot ce da maleriya, aka yi mata ƙarin ruwa a wani kemis. A na biyu aka kai ta wurin mai ruƙiyya. Tsakanin nan da can, kuɗin akuya guda sun tafi. Washegari muka kai ta wani asibiti a Kazaure, aka auna hawan jini, aka duba yawan jini da sikari, aka yi gwajin bugun zuciya, komai lafiya lau. Sai likitan ya tambaye ta yadda take barci da abin da ke cin ranta. Mijinta direba ne, kullum yana kan hanya tsakanin Kano da garuruwan Katsina, ita kuma ba ta kwanciya sai ta saurari duk saƙon murya da aka turo a WhatsApp kan inda aka tare hanya. Likita ya ce mata fargaba ce mai tsanani, kuma tana da magani.

A mota muna komawa gida ta juyo ta ce da ni, "Yaya, wato ana nufin ƙarya nake yi?"

Ba ƙarya take yi ba. Kuma matuƙar mutanenmu na ɗaukar cewa ciwo biyu ne kawai a duniya, wanda gwaji ke nunawa da wanda aljani ke sakawa, to za mu ci gaba da sayar da awaki muna biyan maganin cutar da ba ita ke damun mu ba.

Abin da ke faruwa a jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ke fitar da wani sinadari mai suna adirenalin. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace shi a 1901, sannan a 1915 wani likitan Amurka, Walter Cannon, ya bayyana aikinsa: idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta shirya jiki ya yi faɗa ko ya gudu.

Duk manomin da ya taɓa kai hannu cikin damin gero ya ji motsin maciji ya san wannan shiri. Zuciya na ƙara gudu don ta tura jini zuwa cinyoyi da damatsa. Numfashi na ƙara sauri. Jini na janyewa daga ciki da fata, shi ya sa ciki ke murɗawa, baki ya bushe, tafin hannu ya yi sanyi. Gumi na karyowa don ya sanyaya jikin da ake sa ran zai yi gudu. Tsokoki na ɗaurewa har su yi kyarma. Wannan duk rahama ce, da ita ake tsira daga maciji da gobara.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta cika bambance macijin da ke cikin dami da wanda ke cikin tunani ba. Bashin taki da ba a biya ba, ɗa da ya tafi ci-rani wayarsa ba ta shiga, jarrabawar da ke tafe, kishiya da ake shirin kawowa, ko bidiyon gawarwaki da aka kalla kafin barci, kowanne na iya kunna wannan ƙararrawa. Wani lokaci ma tana kunnuwa ba tare da mutum ya san dalili ba, har cikin barci.

Daga nan sai abin ya koma ciyar da kansa. Mutum ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku, sai ya ce shi ke nan ciwon zuciya ne. Wannan tunani ya ƙara tsorata shi, jiki ya ƙara sakin adirenalin. Yana haki da sauri, sai ya fitar da iskar kabon fiye da kima daga jininsa, abin da ke jawo jiri, da jin yatsu da leɓe suna tsira-tsira kamar ana soka allura, wani har yatsunsa su ƙandare. Wanda ke tsaye a gefe ya ga yatsu sun murɗe, me zai ce in ba iska ba?

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, adirenalin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan mintuna jiki ke narkar da shi. Irin wannan farmaki na fargaba yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka. Yana da azaba, amma shi kaɗai ba ya kashe mai lafiyar zuciya. Shi ya sa duk abin da aka yi wa mutum a daidai lokacin, hayaƙi ne ko ƙarin ruwa, sai a ga kamar shi ya yi aiki, alhali lokacin saukar abin ne ya yi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Kada a ce wa kowa "damuwa ce kawai" kafin a duba shi

A nan dole a yi taka-tsantsan, domin akwai cututtuka masu kisa da ke zuwa da irin waɗannan alamomi. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin matanmu, na sa zuciya gudu da haki. Haka ma maƙoƙo mai yawan aiki, da faɗuwar sikari ga mai shan maganin ciwon suga, da asma, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon zuciyar kansa.

Mai jego kuwa maganarta daban ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda raunin zuciya ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun wannan cuta a duniya. Idan mai ciki ko mai jego tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya flat sai ta jingina, ko tana tari da dare, asibiti za a kai ta a ranar, ba a jira gari ya waye sau biyu.

Haka duk wanda ciwon ƙirjinsa ke yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko ciwon na tasowa idan yana aiki ko tafiya, ko ya suma, ko ɓarin jikinsa ya saki, ko bakinsa ya karkace, ko abin ya wuce rabin awa yana ƙaruwa. Dattijo da mai hawan jini da mai ciwon suga su ma kada su yi wa kansu fatawa.

Don haka matakin farko ga duk wanda abin ya taɓa samu shi ne ya je a duba shi sosai: hawan jini, yawan jini, sikari, a saurari zuciya, in da hali a yi gwajin ECG. Idan ma'aikacin lafiya ya tabbatar cewa zuciya lafiya take, to a yarda da shi. Yawon gwaji daga Kazaure zuwa Kano, daga Kano zuwa Katsina, ana neman wanda zai ce akwai wani abu, shi ma wata hanyar ciyar da fargabar ce.

Idan ta taso, me za ka yi?

Da farko ka kira abin da sunansa. Ka ce wa kanka, "Fargaba ce, ta taɓa zuwa ta wuce, yanzu ma za ta wuce." Wannan ba yaudarar kai ba ce, gaskiyar yadda jiki ke aiki ce, kuma tana datse tsoron da ke ƙara wa wutar fetur.

Na biyu, numfashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mutum ya ja numfashi da ƙarfi, alhali yawan jan ne ke sa shi jiri. Abin da ake so shi ne a rage gudu, kuma fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Ka zauna, ka ɗora hannu a kan cibiya, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu har ka ji ciki ya ɗago, sannan ka fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Ka ci gaba minti uku zuwa biyar. Doguwar fitar da numfashi na taɓa wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki, wadda aikinta shi ne taka wa bugun zuciya birki. Kada a sa wa mutum leda ko takarda a baki ya yi numfashi a ciki kamar yadda ake gani a finafinai, domin idan asma ce ko ciwon zuciya, hakan na iya yin illa.

Na uku, ruwan sanyi. Ka wanke fuska da ruwan randa, ko ka jiƙa tsumma ka ɗora a goshi da kumatu. Sanyi a fuska na rage gudun zuciya. Wanda ya tashi ya yi alwala a natse ya sami wannan, ya kuma sami natsuwar da ke biyo bayanta.

Na huɗu, ka dawo da hankalinka inda kake. Ka ambaci abu biyar da kake gani, huɗu da kake taɓawa, uku da kake ji da kunne. Mai jan carbi ya ja a hankali, yana daidaita shi da numfashinsa. Idan jiki na kyarma, ka tashi ka yi tattaki a tsakar gida. Jikin ya shirya gudu ne, ka ba shi ɗan motsi ya ƙone abin da ya tara.

Na biyar, kuma shi ya fi wuya, kada ka fara gudun wuraren da abin ya taɓa samun ka. Wadda abin ya kama a kasuwa sai ta daina zuwa kasuwa, gobe ta daina zuwa biki, jibi ta kasa shiga mota. Haka duniyar mutum ke tsukewa har ta koma ɗaki ɗaya. Komawa wurin a hankali, tare da wanda ka amince da shi, shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa babu maciji a nan.

Su kuma 'yan uwa, aikinsu shi ne su rage taro. Mutum goma a kan mara lafiya, wannan na salati da ƙarfi, wancan na kuka, wata na tura masa hayaƙi a hanci alhali numfashi yake nema, duk ƙara tsoro ne. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi magana a hankali, ya yi numfashin tare da shi. Kuma a daina cewa ƙarancin imani ne. Malami na kamuwa da hawan jini, mahaddaci na kamuwa da ciwon suga, ba wanda ya ce imaninsu ne ya ragu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Goro, waya da kemis

Akwai abubuwan da muke yi da hannunmu da ke sa ƙararrawar saurin kunnuwa. Goro, da kofi, da shayi mai kauri, da lemukan ƙara kuzari da matasa 'yan acaɓa da direbobi ke sha kamar ruwa, duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke sa zuciya gudu ya kuma hana barci. Mai fama da faɗuwar gaba ya rage su a hankali, musamman daga la'asar. Haka sigari, da zama da yunwa tun safe, da rashin barci.

Sai waya. Gwiwa na iyaka da Jihar Katsina, kuma labarin 'yan bindiga ba tatsuniya ba ce ga mutanen wannan yanki. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, lissafin cefane kaɗai ya isa ya hana magidanci barci. Waɗannan damuwoyi na gaske ne, numfashi ba zai biya bashi ba, ba kuma zai tsare hanya ba. Amma akwai bambanci tsakanin sanin halin da ake ciki da kwana ana kallon bidiyon gawa, wanda sau da yawa ma tsoho ne ko daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Ka ware lokacin duba labarai da rana, daga kafar da ka yarda da ita. Kuma kafin ka tura wani bidiyo a zauren dangi, ka tuna akwai wadda mijinta ke kan hanya a cikin zauren.

Babban haɗarin kuwa yana kan kantar kemis. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam suna aiki nan take, shi ya sa ake son su, amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su, kuma ranar da aka daina, fargabar na dawowa fiye da da. Tramadol da maganin tari mai kodin ma haka, da yawa daga cikin matan da suka faɗa shaye-shaye da neman barci suka fara. Ba mu manta ba sai da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta fitar. Akwai magungunan fargaba masu inganci da ba sa kama mutum irin haka, amma likita ne ke rubuta su, suna ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a daina su rana ɗaya. Wanda ya riga ya saba da diazepam shi ma kada ya yanke kwatsam, ya nemi likita ya rage masa a hankali.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Duk wannan shawara ga mutum ɗaya ce. Amma bai kamata a ce sai mace ta yi asarar akuya da wata biyu kafin ta haɗu da wanda zai tambaye ta yadda take barci ba.

A watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Doka ce mai kyau, sai dai mutumin Korayel ko Buntusu ba zai san da ita ba sai ranar da ya ga aikinta a asibitin mazaɓarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Jiran a kai wa kowace ƙaramar hukuma nata likitan, jiran gawon shanu ne.

Masarautar Kazaure ta yi sa'a, domin asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na jihar a garin Kazaure yake. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, budurwar da ke jiran aure ko magidancin da ke jin kunyar majalisa ba za su taka ƙofarsa ba saboda faɗuwar gaba, don kada a ce sun taɓu. Haka abin yake ga asibitin Dawanau a Kano. Wurin da mutane ke zuwa ba tare da kunya ba shi ne ƙaramin asibitin unguwa, inda ake awon ciki da rigakafin yara. Can ya kamata taimakon ya same su.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun 2008 WHO ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko yadda za su gane larurorin ƙwaƙwalwa da aka fi samu, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. An daidaita shi da yanayin Najeriya, an kuma gwada shi a Jihar Osun. A Zimbabwe kuwa, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu fama da abin da mutanen can ke kira yawan tunani, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin na rage damuwa da fargaba. Mu ma sunan da muke kiran abin ke nan, kuma ba mu rasa iyaye mata masu hankali da riƙon sirri ba.

Don haka kiranmu ga gwamnatin Gwamna Umar Namadi da hukumar lafiya matakin farko ta Jigawa guda uku ne. A horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a babban asibitin kowace mazaɓa, cikin mazaɓu 287 na jihar, kan gane fargaba da damuwa da kuma bambance su da ciwon zuciya, sannan a haɗa shi da ƙwararrun Kazaure ta waya. A tabbatar na'urar auna hawan jini da ta sikari da gwajin yawan jini suna aiki a waɗannan asibitoci, domin ba a kwantar wa mutum hankali da baki kawai. Sannan a sa ido kan masu kemis da ke sayar da ƙwayoyin barci ba takardar likita, a kuma koya musu lokacin da ya kamata su ce wa mutum ya wuce asibiti.

Malamai da masu ruƙiyya su ma suna da rawar takawa, tunda wurinsu ake fara zuwa. Malamin da ya yi wa mara lafiya addu'a sannan ya ce wa iyayenta su kai ta a auna ta, bai rage komai daga darajarsa ba. Hakimai da dagatai su buɗe wannan magana a tarukansu, gidajen rediyo kuma su ba ta fili da Hausar da kowa zai gane.

'Yar kawuna ba ta warke rana ɗaya ba. Ta koma wurin likita sau biyu, ta bar goro da yamma, ta fita daga zauruka biyu na WhatsApp, ita da mijinta kuma suka yi yarjejeniya zai kira ta duk inda ya sauka. Abin ya sake taso mata sau ɗaya bayan sallah, a gidan suna. Ta ce min ta fita bayan ɗaki, ta wanke fuska, ta zauna tana ƙirga huɗu da shida har ya sauka, sannan ta koma cikin mata aka ci gaba da rabon tuwo. Inna har yau tana ajiye da tazargadenta, amma yanzu idan maƙwabciya ta zo da irin wannan kuka, ita ce ke fara cewa a kai ta a auna jini tukuna.